Shekarar da Na Kai Inna Kotu

Kun sha ji a bakin dangi cewa ubanku ya taɓa kai uwarsa kotu. Na san kun ji, domin ranar sunan ɗiyar baffanku Nasiru an faɗa a gabanku kuna cin waina, babu wanda ya ɗaga kai a cikinku, kuma har yau babu wanda ya zo ya tambaye ni. To ga amsa tun ba ku tambaya ba: na kai ta. Ranar Alhamis ce da hantsi, kuma ke Zainab kina wurin, ke kika riƙe mata hannu a matakala. Amma ƙanen nan nawa rabin labarin yake bayarwa, rabin da ya fi masa daɗin baki. Ni zan ba ku shi da kai da ƙafafu, har da inda ban fito da kyau ba. Ban iya rubutu mai ado ba, a rumfar gyaran inji na yi furfura. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa ya wuce.

Ni ɗan fari ne. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A gidanmu na cikin garin Birnin Kebbi mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallon idonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai dai wata ta ɗaga shi. Kunya ake ce wa abin, kuma macen da ta fi riƙe ta ita ake yabo. Inna ta riƙe ta fiye da kowa a unguwar. Ranar da aka yaye ni aka sa ni a mota zuwa Argungu, wurin Gwaggo Kulu, yayar ubana, wadda a lokacin Allah bai ba ta haihuwa ba. An ce kwana arba'in zan yi in manta nono. Shekara ashirin da ɗaya na yi.

Ba zan yi wa matattu ƙarya ba. Gwaggo ba ta bar ni da yunwa ba, mijinta Baba Manu bai dake ni fiye da yadda ake dukan kowane yaro ba. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni firamare, da malami ya tambayi sunan uba bai ko yi tunani ba ya ce Manu, aka rubuta Umaru Manu, alhali ubana Aliyu ne. Kowane mai riƙo haka zai yi, da ya faɗi wani suna ma sai a ce bai ɗauke ni ɗa ba. Ku riƙe wannan, zai dawo. Ina da kai a makaranta, wannan ba yabon kai ba ne, ku je Argungu ku tambayi sa'o'ina. Amma ina aji biyar Gwaggo ta fara haihuwa, ta jera uku, kuma daga nan na fara gane matsayina. Ɗan riƙo jakin aro ne, ba a barinsa ya huta don ba a san ranar da mai shi zai zo karɓa ba. Ni mai ni bai taɓa zuwa ba. Ubana ya rasu ina ɗan shekara goma, babu wanda ya ce a maido ni. Ina aji uku na sakandare Baba Manu ya sayi injin ban-ruwa don shinkafar rani, injin kuma yana son mai tsaronsa a fadama daga safe har faɗuwar rana. Ya kira ni bakin zaure ya ce:

"Kai ad da ƙarhi cikin gidan ga. Boko ba shi gudu, ruwa ko shina janyewa. In anka yi girbi ka koma."

An yi girbi, an sake yi, an sake yi. 'Ya'yan Gwaggo suna wuce ni da farin yunifom, ni ina cikin laka har gwiwa ina jan tiyo.

Makon da aka cire ni na yi abin da ban taɓa yi ba. Na gudo Birnin Kebbi ba da izinin kowa ba, na shiga gidanmu da azahar. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, Nasiru, wanda ta haifa bayana, yana jingine da cinyarta tana kiran sunansa kamar tana shan zuma. Ni kuwa tun da na yi wayo suna ɗaya nake da shi a bakinta, shi ma ba ni take faɗa wa ba: na Argungu. Na durƙusa, na faɗi duk abin da ya faru, har da kuka, ni da ba na kuka. Ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya a cikin shinkafar na ɗan lokaci, wannan na gani. Sannan ta juya wajen maƙwabciyarta da ke zaune ta ce:

"Wanda yar riƙa, shi ad da iko. Ku ba na Argungu hura shi sha, rana ta yi."

Na sha furar, aka sa ni a mota kafin la'asar. Maganar nan na ɗauke ta a ƙirjina shekara ashirin da bakwai kamar ƙusa a cikin taya.

Abin dariya, injin da ya raba ni da makaranta shi ya ba ni sana'a. Na kwance shi na ɗaura har na san shi fiye da tafin hannuna. Na dawo Birnin Kebbi na kafa rumfa, na auri uwarku Dije, muka zauna unguwar Badariya. Daga Argungu har fadamar Birnin Kebbi, in inji ya ƙi jan ruwa ni ake nema. Kowace Jumma'a ina zuwa gaida Inna, in durƙusa, ta amsa wa bango, ta tambayi wanda ke kusa ko mutanen gidan na Argungu suna lafiya. Da aka haife ki, Zainab, ke ce tawa ta fari, na rantse ba za a yi wannan da ni ba. Ina tsayawa ƙofar gida in ƙwala kiran sunanki har maƙwabta su ji, ina ɗora ki a tankin mashin in zaga gari. Tsofaffi suka ce ba ni da kunya. Na ce e, an cinye tawa tun ina goye.

Yanzu ga shekarar da nake son ba ku labari. Kafin ita da shekara uku an kawo wasu manyan injuna masu aiki da hasken rana a fadama. Ɗaya ya ƙi tashi, yara masu hular kwano suka yi kwana biyu suna duba littafi. Aka kira ni, kafin azahar ruwa yana ambaliya a magudana. Da aka zo ɗaukar wanda zai riƙa kula da injunan, aka ce in kawo takardar shaidar karatu. Na ce ga hannuwana. Aka yi dariya, aka ɗauki wani. Na koma rumfa ina zagi, na zagi boko, na zagi Argungu, na zagi wanda ya ƙirƙiro takarda. A kan benci akwai wani dattijo da ya kawo ƙaramin injinsa gyara, Malam Bawa, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya yana zaune unguwar Gesse. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce:

"Ka gama? To zagi ba shi ba da satifiket. Shekarunka nawa?"

"Arba'in, Malam."

"Ashe yaro na. Ni ina da allo da alli suna cin ƙura. Kullum bayan la'asar ka zo. Ka gyara min injina, in gyara maka kanka."

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar in wanke baƙin mai da kananzir, in hau mashin zuwa Gesse, mu zauna ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansa har kiran magariba. Mutumin nan bai taɓa karɓar ko goro a hannuna ba. Lissafi da Fiziks ba su ba ni wuya ba, domin abin da hannuna ya sani ne ake ba shi suna. Turanci ne ya ci mutuncina. Sau biyu ina zama jarrabawar 'yan waje, sau biyu Turanci yana kayar da ni. Abokan sana'a suka laƙaba min Furofesa. In na shigo sai ka ji:

"Ku tashi, ga Furofesa! Ranka shi daɗe, ƙaƙa ake ce ma fulogi da Turanci?"

A karo na uku ke kika karɓe ni, Zainab, lokacin kina ajin ƙarshe na sakandare. Kin tuna yadda kike sa ni rubuta wasiƙa kullum da safe kafin in fita, ki ja min jan biro kamar kina yanka kaza? Kin tuna ranar da na jefar da littafin a kan rufin kaji, uwarku ta ɗauko da muciya ta ajiye min a gaba? Mutum uku suka tura motar nan: Malam Bawa, Dije, da ke. Duk wanda ya ce muku ubanku shi kaɗai ya yi, maƙaryaci ne.

Ranar da sakamako ya fito muka tafi shagon kwamfuta ni da ke. Ni na kasa kallon allon, na juya baya ina kallon titi. Sai na ji kin yi ƙara:

"Baba! Turanci ya hito! Baba, kiredit shida!"

Wallahi ban san lokacin da na fizge takardar ba. Na haye mashin na ba shi wuta, hannuna a kan oda tun daga nan har Gesse, 'yan kabu-kabu suna zagina ina ɗaga musu takarda. Ina ihu ni kaɗai kamar wanda aljanu suka hau, ƙato mai furfura a gemu. Na faɗa zauren Malam Bawa ko sallama babu. Ya sa tabarau, ya bi layi ɗaya-ɗaya da yatsa, ya cire tabarau ya goge ido, ya ce:

"Alhamdu lillahi. To ina ɗiyar taka?"

Sai a lokacin na tuna na baro ki a shagon kwamfuta. Har yau kina min gori, kuma kina da gaskiya. A gida Dije ta rangaɗa guɗa har matan layi suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Washegari na manna hoton takardar a jikin rumfa. Waɗannan 'yan iskan da ke ce min Furofesa, su ne suka kira taron ƙungiyarmu ta masu gyaran inji, suka ce nauyin rijistata a wuyansu yake, sharaɗi ɗaya, in na zama injiniya kada in daina cin tuwo da su. Na nemi Poli, wato kwalejin fasaha, difloma a fannin injiniyan inji, karatun ƙarshen mako. Sunana ya fito. Na karanta shi a allo sau bakwai, na sa wani yaro ɗalibi ya karanta min da ƙarfi don in ji da kunnena.

Sai ranar tantance takardu. Malamin da ke kan tebur ya jera su, ya dube ni da ladabi ya ce takardar firamare tana cewa Umaru Manu, katin ɗan ƙasa da sabon sakamako suna cewa Umaru Aliyu, kuma ba ni da takardar haihuwa. Ya ce abin mai sauƙi ne, in je kotu da mahaifi ko wani babba a dangi da ya san haihuwata, ya yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, ya faɗi shekaruna. Amma ranar Jumma'a ake rufewa, wanda bai kawo ba sai wata shekara. Ranar Litinin ce. Gwaggo da Baba Manu sun riga mu gidan gaskiya. Akwai ƙanen ubana, Baffa Ɗanjuma, a wani ƙauye can ƙetaren fadama, yini guda zuwa da dawowa, kuma da na aika da gudu zai zo. Kowa ya ce a ɗauko Baffa. Ni kuwa tun a kan mashin na riga na ƙulla wani abu a raina. Na shiga gida na ce wa uwarku Inna za ta yi.

Dije ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Zainab, ka ji tsoron Allah. Tsohuwag ga ba ta taɓa hwaɗin sunanka ba, kai ka sani. Gaban mutane za ka tsaida ta?"

"Ita ta haihe ni ko Baffa?"

"Takarda kaka so ko hwansa?"

"Duka biyu."

Malam Bawa ma ya yi min faɗa. Ya ce shekara uku muna gini, zan rushe shi don in ji kalma ɗaya. Ya ce in tsohuwa ta yi shiru a gaban mai rantsarwa ranar Alhamis, babu sauran lokacin zuwa ƙauye, gurbin ya tafi, kuma wa ya san wanda zai ga baɗi. Duk na ji. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, ban aika wa Baffa ba. Ranar Laraba na tura ki wurin Inna, Zainab, na ce ki ce mata yatsa kawai za ta dangwala. Ni na sa ki wannan ƙaryar, zunubin nawa ne. Kika dawo kika ce ta ce, in dai don karatun na Argungu ne, a zo da keke-napep da safe.

Ta fito da farin mayafinta na zuwa gaisuwa. Ku biyu a keke, ni a gaba bisa mashin. Inna ba ta taɓa taka ofis ba a rayuwarta, ta cire takalmi a bakin ƙofa sai da kika ce ta mayar. Mai rantsarwar wata Hajiya ce mai kimanin shekaruna, 'yar gari, mai tabarau. Ofishin da mutane, wajen shida a kan benci suna jiran layi. Ta karanta takardar da aka buga, ta dube ni, ta dubi Inna da ta juya min ƙeya tana kallon taga, nan take ta gane. Ta sassauta murya ta ce:

"Inna, ɗan hwari na ko? To ba komi. Ni za ni karanta, ke dai ki ce e, sai ki dangwala."

Kun gani? Allah ya kawo mafita, an buɗe min ƙofa, takardata tana hannu. Da na yi shiru minti biyu da an gama. Sai na ji bakina yana cewa:

"A'a, Hajiya. Rantsuwa ta. Ta hwaɗi da bakinta wa ta haihwa."

Hajiyar ta cire tabarau ta watsa min wani kallo da har yau in na tuna sai na ji kunya. Ke kika ce "Baba!" a hankali. Wani tsoho a kan benci ya ce subhanallahi. Hajiya ta ajiye biro ta ce, tunda mai takarda da kansa ya ce bai yarda da e ba, ita ba za ta sa hannu a kan gardama ba, sai abin da Inna ta ce. Inna ba ta motsa ba. Fanka tana ta juyawa. Na fara ganin Poli tana tafiya, na ga fuskar Malam Bawa, na ga jan bironki, na ce a raina Umaru ka kashe kanka da hannunka. Na buɗe baki zan ce a bar shi, a karanta mata. Sai Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta juya ta fuskanci bango sosai, ta yi magana da wata murya da ban san tana da ita ba:

"Umaru. Sunanai Umaru. Umaru ɗan Aliyu. Manu riƙo yay yi, Allah shi jiƙanai, amma ni na haihe shi. Ran Laraba da hantsi, ana yankan shinkahwa, shekarar da rumbun gidanmu yah hwaɗi. Kwana biyu ina naƙuda. Yaz zo da gashi cike da kai, bai yi kuka ba sai da ungozoma tab buge shi. Da anka kai shi Argungu nono yay yi min ciwo kwana tara, ban hwaɗa ma kowa ba. Ran da yaz zo yana kukan makaranta, na aika ma Manu har sau biyu, anka ce min macce ba ta shiga maganar ɗan hwari." Ta miƙo yatsa. "Mi ar rage? Ina za ni dangwala?"

Sau uku ta faɗa. Na ƙirga. Shekara arba'in da uku ina jira, sai ga shi sau uku a numfashi ɗaya. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san in inji ya daɗe a ajiye, ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, ka fid da rai, sai ka ji ya kama, tiyo ya kumbura, ruwa ya yi tsalle? Haka ƙirjina ya yi. Na zauna a ƙasan ofishin mutane, ina dariya hawaye na zuba cikin gemu. Ina so in fita titi in tare motoci in ce kun ji? Ta sani! Har ranar ta sani, har gashin kaina! Ta aika sau biyu! Hajiya ta kama babban yatsan Inna ta sa a tawada ta danna, ta buga hatimi, ta miƙo min takardar ba tare da ta dube ni ba, ta ce:

"Ga ta. Allah shi ba da sa'ar karatu. Amma ba ka kyauta ba."

Gaskiya ta faɗa. Inna ta fita riƙe da hannunki, mayafi a fuska har cikin keke. Ni na kai takarda Poli a ranar, aka karɓa, aka ba ni lambar ɗalibi, na fito ina tafiya kamar ƙasa katifa ce.

Ga kuɗin abin, kuma ba na kuɗi nake nufi ba. Tsohon nan na kan benci ɗan unguwarmu ne, kafin magariba labari ya zaga cewa tsohuwa ta kira sunan ɗan farinta a gaban maza. Matan da suka yi shekara arba'in suna misali da kunyarta suka riƙa zuwa kallonta da sunan gaisuwa. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna. Nasiru ya zo rumfata ya ci kwalata a gaban masu kawo gyara, ya ce na tuɓe wa uwarmu zane a kasuwa don takardar banza. Ban rama ba, ni da ba a taɓa ni in ƙyale. Wata huɗu ina zuwa kowace Jumma'a, a ce min tana kwance. In durƙusa a ƙofar ɗaki in gaida labule in tashi. Abin da ta tara duk rayuwarta ke nan, ba gona ba, ba zinariya ba, kuma ni na sa ta kashe shi a minti ɗaya. In kun tambaye ni ko na yi daidai, ban yi ba. In kun tambaye ni ko da za a maimaita zan yi shiru, kada ku tambaye ni, don ba na son yi muku ƙarya. Al'adar da ke hana uwa ɗaga ɗanta in ya faɗi, har gobe ban yafe mata ba. Amma ba al'adar na tsayar a gaban mutane ba, tsohuwa na tsayar.

Ranar da aka rantsar da sababbin ɗalibai aka ba mu aron doguwar riga da hula mai tunku. Ni ne mafi tsufa a layin, yara suna ce min Baba, wani malami ya zaci rakiya na yi. 'Yan rumfa sun zo su tara a kan mashina, suna ta oda suna kiran Furofesa, Malam Bawa yana tsaye da sandarsa yana murmushi, uwarku ta yi guɗa har mai tsaron ƙofa ya zo. Da aka tashi na ce ba zan cire rigar nan ba sai an gan ta a cikin gari. Na ɗauke ki a baya, riga tana kaɗawa kamar tutar jirgi, muka nufi gidanmu. A raina na ce ko labule ne ya gani.

Ba ta cikin ɗaki. Tana tsakar gida a kan tabarma, faifai a cinya, daidai wurin da na same ta ina yaro. Na durƙusa da rigata da hulata na yi gaisuwa. Ta amsa wa bango kamar kullum. Amma na ga idonta ya zo ta gefe, ya hau rigar tun daga wuya har ƙasa, ya koma. Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da ƙwarya da ludayi, ta zauna ta dama fura. Akwai ke, akwai matar Nasiru, akwai yara, duk masu iya miƙowa. Ba ta ba kowa ba. Ta taso da kanta, fuska a juye, ta ajiye ƙwaryar a gabana har gefen mayafinta ya taɓa hannuna. Sannan ta koma tabarmarta ta ɗauki faifai ta ce:

"Zainabu, ki ce ma na Argungu shi tattara rigag ga in za shi hau mashin, kar sarƙa ta ci ta. Ta mutane ta."

Na shanye furar tas, har na kafa kai. Da za mu tafi na tattara rigar na ƙulle ta a ƙugu, na tura mashin da hannu har ƙarshen layi kafin in tayar.